Abinda muka tattauna kan hayakin ababen hawa a Sakkwato

Jama'a ga abinda mafi yawan wadanda muka tattauna da su suka tsaya a kai. Hayakin manyan motoci masu shan gas da keke napep da kabu-kabu yana dauke da sinadaran salfa da naitirojin, in suka hadu da danshi sai su koma asid, shi ke sa kwanon rufi tsatsa kuma yana tada asma. Da sanyin safiyar hunturu iska ba ta motsi, hayakin sai ya kwanta kasa-kasa, ku lura da shataletalen Dandima ko bakin Babbar Kasuwa lokacin cunkoso, har ido ke yaji wallahi. Shawara dai, masu asma da yara su sa takunkumi ko su jira rana ta daga, direba ya kashe inji in ya tsaya lodi, ruwan farko na damina kuma kar a tara don sha, don yana iya wanko dattin hayakin.