Mura da cutar ITP: yaya za mu yi da sanyin Jos?

Yayar mara lafiya, Jos:
Assalamu alaikum. Ƙanwata tana fama da cutar ITP, wadda garkuwar jiki take lalata ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Makon jiya ta yi mura, kuma bayan kwana biyar sai muka ga ɗigo-ɗigon ja a ƙafafunta, dasashinta yana jini idan ta yi asuwaki. Da aka auna, ƙwayoyin sun sauka daga 80,000 zuwa 22,000. Shin murar ce ta jawo haka?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Hakan yana faruwa, domin idan ƙwayar cutar mura ko korona ta shiga jiki, garkuwa takan tashi da ƙarfi, kuma ga mai ITP wannan tashin yakan ƙara cinye ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 da 450,000, likitoci kuwa sukan duba yiwuwar ba da magani idan adadin ya yi ƙasa da 30,000, saboda haka ku kai ta wajen likitan jini yau. A gwada ta maleriya ma, don ita ma tana saukar da su. Abin da ya fi damuna shi ne maganin kemis: kada ta sha asfirin, ibuprofen ko diclofenac, domin suna ƙara zubar jini. Parasitamol ya wadatar.

Baban yara, Bukuru:
Ɗana ya yi wannan bayan mura yana shekara 6, ya kuma warke cikin watanni. Iskar hunturu tana busar da hanci, shi ya sa muke shafa masa Vaseline a bakin hancin, muna hana shi fyace majina da ƙarfi don gudun haɓo.

Ma'aikaciyar jinya:
Gaskiya ne Malam, yara sun fi saurin warkewa, ta manya kuwa takan daɗe. Idan ƙanwar taki tana shan prednisolone, maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki, kada ta daina farat ɗaya saboda mura. Amma haɓon da ya ƙi tsayawa, ko baƙin bayan gida, ko ciwon kai mai tsanani, waɗannan ba a jiran gari ya waye.

Yayar mara lafiya, Jos:
Na gode ƙwarai, Sista. Ashe ibuprofen na sayo mata shekaranjiya. Na ɗauke shi, yanzu za mu kama hanyar asibiti.