Azurfar gaske, gilashin ido, da waɗanda suka ci kuɗin ƙirƙira

Maman Biyu: Salamu alaikum jama'a. Ina son sayen saitin cokula na azurfa da ɗan kunne, sannan in canja gilashin idona, dan Allah wanda ya san kan abin ya ban shawara kar a yi min sakiyar da ba ruwa.

Anti Mai Gwal: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki juya cokalin ki duba bayansa, in kin ga 925 to azurfa ce kashi 92.5 cikin ɗari, ragowar yawanci jan ƙarfe ne dan ta yi ƙwari. In ko EPNS kika gani ruwan azurfa aka yi masa kawai, yau da gobe zai goge. Gwal kuma 750 karat 18 kenan, 875 karat 21, 916 karat 22. Amma fa tambarin ma ana buga na ƙarya, ki sa a gwada a gabanki.

Injiniya: Wannan ruwan azurfar na lantarki ai shi ya azurta kamfanin Elkington a Birmingham ta Ingila, tun 1840 suka yi rajistar mallakar fasahar, duk mai son amfani da ita sai ya biya su lasisi.

Maman Biyu: Ikon Allah. To gilashin fa? An ce min akwai mai duhu da kansa in an shiga rana.

Baban Yara: Shi nake sakawa Hajiya, yana da daɗi amma a cikin mota baya wani duhu sosai saboda gilashin gaba yana tare hasken UV ɗin da yake sa shi juyawa, wato ɓangaren hasken rana da ido baya gani. Kuma ki fara zuwa a auna idon tukuna, kar ki ɗauki na kan tebur dan kin ga rubutu ya fito. In na rana ne ki nemi mai alamar UV400, wato mai tare hasken UV ɗin, baƙi kawai ba kariya ba ce.

Injiniya: Abin dariya gilashi mai duhu da kansa na farkon da kamfanin Corning ya yi a Amurka a shekarun 1960 sinadarin azurfa ne a cikinsa, kin ga duk sayayyarki azurfa ce. Amma wanda yake ban tausayi Otto Wichterle ne na Cekoslobakiya, a 1961 ya haɗa injin yin lens mai laushi da ake mannawa a kan ƙwayar ido maimakon gilashi da kayan wasan yara a gidansa, hukumar kimiyyar ƙasar ta sayar wa wani kamfanin Amurka haƙƙin, kamfanin Bausch & Lomb suka fito da shi kasuwa a 1971 suka kwashi kuɗi, shi ko abin da ya samu bai taka kara ya karya ba.

Auta: Yaya Injiniya ni ma akwai wani maƙullin sarƙa da na ƙera wanda baya ɓallewa, har na so in ɗora bidiyonsa.

Injiniya: Kul! Ka shigar da takardar rajistar mallakar fasahar tukuna, a ƙasashe da yawa in ka riga ka nuna wa duniya ka ɓata rawarka da tsalle. Kariyar shekara 20 ce daga ranar shigarwa, kuma iya ƙasar da ka yi rajista take aiki.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai. Anti in cokalin ya yi baƙi fa?

Anti Mai Gwal: Shimfiɗa foyil a roba, zuba ruwan zafi da hodar baking soda, ki tsoma su su taɓa foyil ɗin. Banda mai duwatsu dai.