Banish ɗin katakon tik yana ɓarewa

Maijirgi: Salam 'yan uwa, na shafa banish a katakon tik na jirgin ruwana ko wata uku bai yi ba ya fara ɓarewa, ina kuskuren yake don Allah?

Kafinta: Malam tik ai maiƙo gare shi, shi ke hana banish kamawa. Kankare tsohon tas, ka bi da sanfefa mai lamba 120 sannan mai lamba 220 da ta fi laushi, ta yadda zaren katakon ya kwanta, ka goge da asiton (ruwan sinadari mai cire maiƙo) ya bushe, shafin farko ka tsinka shi da tina don ya shiga ciki sosai, sannan kai ta ƙarawa har shafi 8, kana ɗan goga sanfefa tsakani.

Matuƙi: Gaskiya ne. Amma inda ake takawa kar ka shafa, santsi yake in ya jiƙe.

Maijirgi: Wallahi asiton ɗin ne na tsallake, na gode sosai.