Applecross: ina tuffa, ina gicciye?

Hadiza_Tarihi: Salamu alaikum. Akwai wata gunduma a tsaunukan yammacin Sikotland, daura da tsibirin Skye, ana ce mata Applecross. A Turance sunan na nufin tuffa da gicciye. Shin haka asalinsa yake? Kuma ta ina ake fara bin diddigin irin wannan suna?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Babu tuffa, babu gicciye. Kunnen masu jin Turanci ne ya lanƙwasa sunan. Tsofaffin kundayen Ailan sun rubuta shi Aporcrosan, inda suka ce wani malamin Kirista, Maelrubha, wanda ya taso daga Bangor ta Ailan, ya kafa majami'a a wurin a 673. A can ya rasu a 722. Apor ko aber bakin kogi ne a harshen Pict, tsofaffin mazauna arewacin Sikotland, shi ne dai na cikin sunan birnin Aberdeen. Crosan kuwa sunan kogin ne.

Su masu garin da ke jin Gelik, harshen gargajiya na tsaunukan Sikotland, A' Chomraich suke cewa, wato mafaka, don a da kewayen majami'ar hurumi ne, wanda ya gudo ya shiga ba a taɓa shi.

Dokar farko ke nan: nemi rubutu mafi tsufa kafin ki fassara komai.

Yakubu Taswira: Ƙari a kan na Malam. Harsuna huɗu ne suka hau kan juna a nan: Pict, Gelik, tsohon harshen Norway, sai Turanci. Ki fara rarrabe su.

Na Norway ya fi ɓuya, don ya sa rigar Gelik. Ki lura da sunayen gaɓar teku masu ƙarewa da -aig, daga vík ne, lungun teku. Ga ƙauyuka biyu na kusa: Shieldaig lungun kifin síld ne (herring a Turance), Diabaig lungu mai zurfi. Wanda ya buɗe ƙamus na Gelik kan waɗannan zai ƙaƙalo ma'anar da babu ita. Na Gelik tsantsa kuwa a fili suke: camas a Camusterrach shi ma lungun teku ne, clachan ƙauyen da majami'a take.

A ƙamus ɗin ma ana tuntuɓe. Chomraich ba ta ƙarƙashin ch, comraich za ki nema, kalmar da ke gabanta ce ta tausasa harafin farko.

Sannan ki auna sunan da ƙasa. In ya ce zurfi, taswirar teku ta nuna zurfi. Bealach na Bà, mashigin shanu a kan tsaunin Applecross, tsayinsa ya kai mita 626, ta nan ake kora shanu kasuwa a da, tun kafin a gina hanya a kansa a 1822.

Malam Sabo: Gaskiya ne, Yakubu, amma kada ta dogara kacokan da taswirar gwamnati. Yawancin masu auna ƙasa na ƙarni na 19 ba su jin Gelik, abin da aka faɗa musu suka rubuta. Ki haɗa da littafin W. J. Watson na 1904 kan sunayen wuraren Ross da Cromarty, don ya tattara lafazin daga bakin mutanen yankin.

Hadiza_Tarihi: Na gode ƙwarai. To tafkin Loch Maree na can yankin fa, yana da alaƙa da Applecross?

Yakubu Taswira: Akwai. Maree ɗin Maelrubha ne ya gajarce a baki, ba Maryamu ba. Har a 1656 shugabannin majami'a na garin Dingwall suna ƙorafin cewa mutanen Applecross na yanka bijimi da sunansa ranar 25 ga Agusta.