Tsohuwar kwamfutar tebur: me kuka fara sauyawa kafin ku soma naɗar wasa da watsa shi?

Mai tambaya, daga Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Dell OptiPlex 9020 babba, mai furosesa i5-4570 da ram 8GB da tsohon hadis (faifan ajiyar bayanai) mai juyawa, wadda na saya ta hannu domin aikin makaranta. Yanzu ina so in riƙa naɗar wasan ƙwallo da nake bugawa a kwamfutar, in tace bidiyon, wani lokaci kuma in watsa kai tsaye, amma da zarar na buɗe OBS Studio, manhajar naɗi da watsawa, sai wasan ya riƙa tsinkewa har ya gagara bugawa. Kuɗin da ke hannuna ba zai sayi komai a lokaci ɗaya ba, shi ya sa nake roƙon waɗanda suka taɓa yin irin wannan aikin su faɗi abin da suka fara da shi.

Amsa daga Kano:
Wa alaikumus salam. Malam, na yi shekara biyu da irin wannan kwamfutar, kuma abin da ya warware min matsalar shi ne katin girafik. Furosesarka tana da ƙwaƙwalwa huɗu ne kawai, to idan ka bar OBS a kan x264, wato tsarin matse bidiyo da furosesa, ita za ta riƙe wasan kuma ita za ta matse bidiyon, nauyin ya fi ƙarfinta. Katunan Nvidia suna da wani sashe na musamman mai suna NVENC wanda aikinsa kenan matse bidiyo, sai furosesar ta samu sararin kula da wasa. Na sa GTX 1650 saboda wutar da take ja ba ta wuce wat 75 ba, kuma irin da na saya tana shan wutarta daga ramin da aka soka ta, ba ta buƙatar wata waya daga akwatin wuta. Wannan yana da muhimmanci, domin akwatin wutar kwamfutarka wat 290 ne, kuma filogin da yake shiga madabod mai ƙafa 8 ne maimakon 24 da aka saba gani, don haka sauya shi sai da adafta. Ka duba katin da kyau kafin ka biya, saboda akwai wasu 1650 ɗin da suke neman wayar ƙafa 6.

Amsa daga Maraɗi:
Ni kuskuren da na yi shi ne ban auna akwatin kwamfutata ba. Tawa siririya ce, na sayo kati mai cikakken tsayi, murfin ya ƙi rufuwa, sai da na sayar da shi da asara na nemo gajere.

Amsa daga Kaduna:
Ban ƙi maganar ɗan'uwanmu na Kano ba, amma a ganina SSD (ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa) da ram ya kamata su zo gaba, domin sun fi araha kuma za ka ji amfaninsu a duk abin da kake yi. Tsohon hadis da ƙyar yake wuce megabayit 150 a daƙiƙa, SSD kuwa tana kaiwa 500, kuma lokacin da nake naɗa a kan hadis ɗin da wasan yake karantawa, bidiyon yakan fito da tsalle-tsalle. Yanzu Windows da wasanni suna kan SSD, bidiyon kuma yana sauka a tsohon hadis, wanda ya dace da ajiya tunda awa ɗaya ta naɗi mai kyau tana iya cin fiye da 10GB. Game da ram, DDR3 ce kwamfutarka take ɗauka, kuma da 8GB shirin tace bidiyo na DaVinci Resolve ya sha rufewa a fuskata ina tsakiyar aiki, sai da na kai 16GB sannan na samu natsuwa. Kafin ka sayi kati ma, ka gwada Quick Sync, sashen matse bidiyo da ke cikin furosesar Intel, na yi watanni ina naɗa da shi a 720p.

Amsa daga Sakkwato:
Abin da ya fi ƙona min rai bai shafi kayan saye ba. Na naɗi wasa na kusan awa biyu a tsarin MP4, aka ɗauke wuta kafin in tsayar, fayil ɗin ya ƙi buɗuwa gaba ɗaya. Tun daga ranar nake naɗa a MKV, wanda yake riƙe abin da aka riga aka ɗauka ko da wuta ta yanke, daga baya in mayar da shi MP4 a cikin OBS ɗin. Ina kuma ba da shawarar ka buɗe kwamfutar ka hure ƙurar hunturu daga fanka, ka sake shafa wa furosesar man sanyaya, domin tawa tana rage gudu da kanta ne saboda zafi, ni kuma ina ta zargin katin.

Ƙarin bayani daga na Kano:
Maganar watsawa kai tsaye kuwa, ka auna saurin ɗorawa na intanet ɗinka tukuna. Watsawa a kan 6000 kbps tana cin kusan 2.7GB a awa, ni dai na tsaya a 720p da 3000 kbps saboda layina ba ya riƙe abin da ya fi haka da daddare. Ka kuma sani cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana neman Intel zubi na 8 zuwa sama, taka kuwa zubi na 4 ce. Saboda haka ka fi zuba kuɗi a SSD da kati, waɗanda za ka iya cirewa ka tafi da su sabuwar kwamfuta, DDR3 kuwa ba za ta bi ka ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sa SSD, na ƙara ram zuwa 16GB, na koma MKV, kuma jiya na naɗi minti 40 da Quick Sync ba tare da tsinkewa ba. Katin sai ƙarshen wata, kuma na riga na auna akwatin.