Me ke hana ƙwayar halitta cin kanta har ta ƙare?

Ɗalibar Bayoloji:
Assalamu alaikum. Yau kwana uku ina fama da babin otofaji, wato yadda ƙwayar halitta ke tattara tarkacen cikinta ta narkar, ta sake gini da shi. Zanen na gane shi, har sau biyu na kwafe shi a littafina: tantani ya taso kamar ƙoƙo, ya naɗe lalatattun furotin, ya rufe ya zama jaka mai ruɓi biyu, jakar ta haɗe da laisosom, wato ɓangaren ƙwayar mai narkar da tarkace, a narkar da abin da ke ciki. Inda na maƙale shi ne, in yunwa ce ke tayar da aikin, me ke tsayar da shi? Ƙwayar nan ba ƙwaƙwalwa gare ta ba. Don Allah a warware mini, ba na son in haddace abin da ban gane ba.

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam, Malama. Amsar tana bakin laisosom ɗin da kika zana.

A kan tantaninsa akwai wani gungun furotin mai suna mTORC1. Muddin amino asid, tubalan da ake gina furotin da su, na wadace, a farke yake, yana liƙa fosfet a jikin ULK1, wanda shi ne mai tayar da ginin jakar, sai ya danne shi. Da amino asid ya yi ƙaranci, mTORC1 ya lafa, ULK1 ya sami sarari, aiki ya kankama. Akwai kuma AMPK, shi makamashi yake aunawa. In ATP, ma'ajin makamashin ƙwayar, ya ragu, AMP, alamar ƙarancin makamashi, ya ƙaru, sai AMPK ya zaburar da ULK1, ya kuma danne mTORC1 a lokaci guda.

To, duba nan da kyau. Abin da laisosom ya narkar, amino asid yake komawa. Ina zai fito? Daidai wurin da mTORC1 yake zaune. Da ya taru, sai mTORC1 ya sake farkawa ya taka wa ULK1 burki. Ribar aikin ita ce ke tsayar da aikin. Shekara da shekaru ina koyar da wannan, har yau in na zo nan sai na ɗan tsaya, don tsarin yana burge ni.

Haka kuma mTORC1 ke tsare wani furotin mai suna TFEB a wajen cibiyar ƙwayar. In ya sake shi, sai TFEB ya shiga ciki ya tayar da ƙwayoyin gado masu ƙera sababbin laisosom.

Mai Aikin Ɗakin Gwaji:
Malam ya gama magana, amma 'yar'uwa, ki gyara abu ɗaya a tambayarki. Ba yunwa kaɗai ke tayar da otofaji ba. Kullum yana gudana kaɗan-kaɗan, ko an ƙoshi. Yunwa ƙara masa ƙaimi take yi. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana yaɗa cewa sai an yi awa kaza ba a ci abinci ba sannan ya fara.

Kuma ba ɗiban karan mahaukaciya yake yi ba. Abin da ya lalace ana manna masa wani ƙaramin furotin mai suna yubikwitin a matsayin alama, furotin p62 ya kama alamar da hannu ɗaya, ya kama furotin LC3 da ke jikin jakar da ɗayan. Maitokondiriya, mai samar wa ƙwayar makamashi, in ta lalace, furotin PINK1 ya taru a bayanta ya kira wani furotin, Parkin, ya yi mata alama. Tangarɗa a ƙwayoyin gadon waɗannan biyun na haddasa wani nau'in cutar Parkinson mai kama mutum da sauran ƙuruciyarsa.

In kina son ki ga nauyin abin, a 2004 masu bincike a Japan sun nuna cewa jariran ɓerayen da ba su da Atg5, ɗaya daga ƙwayoyin gadon da otofaji ke buƙata, suna mutuwa cikin kwana guda da haihuwa. Da an raba su da mabiyiya, abincin da ke zuwa daga uwa ya yanke, kuma ba su iya ciyar da kansu daga cikin jikinsu.

Ɗalibar Bayoloji:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na ƙara kibiya a zanena daga laisosom zuwa mTORC1, yanzu ya zama da'ira. Malam, ke nan da za a danne mTORC1 da magani, ƙwayar za ta ɗauka yunwa ake yi ko da abinci na nan?

Malamin Kimiyya:
Haka ne, kuma maganin na nan, rafamaisin. Daga wata bakteriya ta ƙasar tsibirin Rapa Nui da ke tekun Pasifik aka samo shi, harafin R na cikin mTORC1 ma daga sunan maganin ne. Da shi ake tayar da otofaji a gwaji. Sai dai yana raunana garkuwar jiki, shi ya sa ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, don haka ba abin sha da ka ba ne.

Tun da jarrabawa ce a gabanki, riƙe sunaye biyu. Christian de Duve ɗan Beljiyam, wanda ya gano laisosom, shi ya raɗa wa aikin suna a 1963. Yoshinori Ohsumi na Japan kuma ya zaƙulo ƙwayoyin gado 15 masu tafiyar da shi a jikin yis a 1993, aka ba shi lambar Nobel a 2016. ULK1 ɗin nan namu, takwaransa a yis shi ne Atg1.