Fayil ya fita babu wutsiya: laifin manhaja ne ko na mai rubutu?

Malam Kabir, Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum 'yan uwa. Ga maganata, mai hujja ya musa. Duk manhajar rubuta shirin kwamfuta da za ta bar mai koyo ya ajiye fayil babu wutsiyar nan ta ƙarshen suna, irin su .py ko .c, ita ce da laifi, ba yaron ba. Wasu ɗalibaina suna kan tsohon IDLE, manhajar rubuta shiri da ke zuwa tare da yaren Python. Yaro zai sa wa fayil suna "lissafi", yana ajiyewa launukan rubutun su ɓace, komai ya koma baƙi. Washegari ya danna fayil ɗin, Windows ta tambaye shi da me za ta buɗe, hankalinsa ya tashi. Alhali manhajar ta san Python yake rubutawa. Wannan abu yana kashe wa yara gwiwa ƙwarai.

Bashir, Daura: Wa alaikumus salam. Malam, a gafarce ni, ban yarda ba. Dogaro da wutsiya ɗabi'ar Windows ce da ta gada daga DOS, tsohon tsarin da ya gabace ta, lokacin da suna bai wuce haruffa 8 ba, wutsiya kuma 3. A Linux, wani tsarin kwamfuta daban da Windows, shirye-shirye da yawa ba su da ita sam. Fayilolin umarni irin su Makefile da Dockerfile haka nan ake barin su, in manhaja ta yi karambanin liƙa wa Makefile wani abu, make, shirin da ke karanta shi, ba zai gan shi ba. Ko "lissafi" ɗin nan, a rubuta python lissafi a ga, zai yi aiki lafiya lau.

Hauwa: Yaya Bashir, zai yi aiki, amma ka gwada import lissafi daga wani fayil, wato ka jawo shi cikin wani shirin. Ba zai same shi ba sai da .py. Haka javac, mai fassara shirin yaren Java, .java yake nema. Shi kuwa gcc, wani mai fassara shirin, da wutsiyar yake gane yaren C aka ba shi ko C++. To ba ado ba ce.

Bashir, Daura: Ban ce ado ba ce. Muhimmancinta ne ma ya sa nake so yaro ya saba rubuta ta da hannunsa. Dubi Notepad mai liƙawa da kanta. Mutum nawa suka ajiye index.html, suka ƙare da index.html.txt, shafi ya ƙi buɗewa a burauza?

Malam Kabir, Ƙofar Ƙaura: Bashir, kada ka haɗa su. Ni cewa na yi: in mutum ya zaɓi nau'in fayil na Python a akwatin ajiyewa, kuma bai sa wutsiya ba, a sa masa. In ya sa tasa, a ƙyale shi. Mai son Makefile ya zaɓi All files. Ai masu IDLE da kansu sun gyara daga baya, sababbin fitowa suna ƙara .py. Da babu matsala, me zai sa su gyara?

Injiniya Usman: Ku yi haƙuri in shigo. Ni a ganina kun bar jaki kuna dukan taiki. Tushen ruɗanin shi ne Windows tana ɓoye wutsiyar fayilolin da ta sani, haka take zuwa tun daga kanti. Yaro yana ganin "lissafi" guda biyu a jaka ɗaya, ɗaya da .py a ɓoye, ɗaya babu komai, ta ina zai bambanta? Kuma ɓoyewar nan ta taɓa jawo ɓarna babba. A watan Mayu na 2000 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna ILOVEYOU ta fito daga Filifin, ta bi imel ta shiga miliyoyin kwamfutoci. Sunan fayil ɗinta ya ƙare da .TXT.vbs, Windows ta ɓoye .vbs mai nuna shiri ne, mutane suka ɗauka wasiƙa ce suka danna.

Hauwa: Injiniya, to waɗanda suka riga suka ajiye babu wutsiya fa? Aikin ya tafi ke nan?

Injiniya Usman: Ko harafi ɗaya bai ɓata ba, Hauwa. Abin da ke ciki yana nan. PDF ma a cikinsa aka rubuta shaidarsa, da %PDF yake farawa, shi ya sa umarnin file na Linux ke gane shi ko an cire wutsiyar. Su fara buɗe File Explorer, su shiga View, su kunna File name extensions. A Windows 11 yana ƙarƙashin Show. Sannan su zaɓi fayil, su danna F2, su ƙara .py. Kunnawar ce farko, in ba haka ba mai lissafi.py.txt ba zai ma ga .txt ɗin da zai goge ba.

Malam Kabir, Ƙofar Ƙaura: Wannan na karɓa, gobe in sha Allah zan kunna a duk kwamfutocin ajinmu, in sabunta Python ɗin. Amma ina nan kan bakana: a makon farko yaro ya ji da umarnin farko irin su print da if tukuna.

Bashir, Daura: To Malam, a mako na biyu a sa su ajiye fayil ɗaya da .py, ɗaya babu, su gwada import a kan kowanne su gani da idonsu.